Gutsurarren Kwabon Mamu Naina

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, da hantsi, daidai lokacin da kasuwar Lorong Kulit ke cika, Mahani ta bugo mini waya ta ce mahaifinta ya cika. Haji Naina Mastan ke nan, wanda duk mai taɓa tsohon kuɗi a Penang ke kira Mamu Naina, ko da ba kawunsa ba ne. Shekararsa tamanin da bakwai. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Bayan la'asar muka kai shi maƙabartar Jalan Perak, 'yar tafiya kaɗan daga inda ya yi shekara hamsin yana shimfiɗa tabarmarsa.

Kafin in shiga zancenka, Mamu, bari in sauke wani nauyi, in yaba wa masana. Allah ya saka wa masanan nan na manyan birane da alheri, masu farar safar hannu da ɗakuna masu sanyi. A da, sai mutum ya yi shekara ashirin yana murza tsaba da yatsa kafin a ce ya san kuɗi. Yanzu sun hutar da mu. Ka aika musu kwabo, su duba, su ba shi maki cikin saba'in, su kulle shi a akwatin roba da 'yar takarda, magana ta ƙare. Ba ruwanka da ido, ba ruwanka da yatsa, ka dai iya karanta lamba. Ni kaina na ci abinci da hikimarsu, ba zan yi butulci ba. Yanzu haka ɗaya daga cikin takardunsu tana gabana a kan tebur, kusa da wani kwabon jan ƙarfe mai gutsure a gefe, kuma akwai mutumin da ya yi mini tayin ringgit dubu goma sha biyar a kan su biyun. Yana jiran amsata. Wannan rubutun ne amsar.

Shekara ashirin da takwas ke nan da na fara tsayawa a gabanka. Lokacin an sallame ni daga aikin akawu a tashar jiragen ruwa, ina da mata da 'ya'ya biyu da takardar makarantar da ba mai tambayarta. Surukata ta ba ni dalolin azurfa goma sha biyu na zamanin Turawa, waɗanda ta gada, ta ce in sayar in ja jari. Sun yi baƙi ƙirin. Ni kuwa mai ilimi ne, sai na zauna na dirje su da tsamiya da toka har ina ganin fuskata a cikinsu. Na zo na zube su a tabarmarka ina jiran yabo.

Ka ɗauki ɗaya, ka juya, ka ajiye. Ka tambaye ni wa ya yi musu wanka. Na buga ƙirji na ce ni ne.

"Madalla," ka ce. "Ka kashe su, ka yi musu wanka. Saura ka nemo liman."

Layin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har mai sayar da tsofaffin takalma. A ranar na koyi cewa baƙin nan shi ne shekarun kuɗin, kuma shi masu saye ke biya. Kashi biyu cikin uku na jarina ya bi lambatu tare da ruwan tsamiya. Da ni ne a mazauninka, da na saye su a kuɗin ƙarfe, in yi wa wawan addu'a ya wuce. Kai kuwa sai ka ja ni rumfar shayi, ka saya mini gurasar roti da shayi mai kumfa, ka ce in shimfiɗa jarida a gefen tabarmarka in riƙa sayar da su ɗaya bayan ɗaya ga baƙi masu son ƙyalli. Daga wannan jaridar na kai ga tebur, daga tebur na kai ga 'yar rumfar da nake da ita yau.

A wannan gefen tabarmar na koyi sana'ar. Ka ce aibi iri biyu ne. Akwai wanda kuɗi ya fito da shi daga gidan bugu: hatimi ya goce kan sarki ya koma gefe, ko an buga sau biyu lambar shekara ta yi inuwa, ko injin yanka ya gutsuri gefen ƙarfen tun kafin a buga shi. Wannan aibin dukiya ne, domin ma'aikacin da ya yi gyangyaɗi sau ɗaya ya yi. Akwai kuma aibin da kuɗi ya samo a hannun mutane: an huda shi an rataya wa jariri, an liƙa masa allura an yi ado da shi, ya kwana a ƙasa ya yi kore. Wannan sunansa lalacewa, kuɗinsa kuɗin ƙarfe ne. Ka kan ce ba ka taɓa ganin mutane irinmu ba, masu biyan dubbai saboda sakacin ma'aikacin sarki, su ƙi biyan ko sisi saboda wahalar talaka.

Yaƙi kuwa ka ce shi ne babban dillali, shi ke yanka farashi. Da Japanawa suka shigo a ƙarshen 1941, tsaba ta ɓace daga hannun mutane. Wasu suka binne tasu a tukwane suka mutu ba su faɗi wurin ba, wata aka narkar. Abin da ya tsira da kyansa ya yi daraja. Su kuwa takardun da Japanawa suka buga, masu hoton ayaba, an buga su ba iyaka, har yau ɗauri-ɗauri muke sayar da su a kuɗin kofin shayi.

A kan waɗannan takardun muka fi yin faɗa ni da kai. Da wuya wata ya wuce ba wata tsohuwa ta zo da su a cikin gwangwanin biskit, tana tsammanin ta tono arziki. Ni da kallo ɗaya nake sallamar su. Kai sai ka matsa ka ba ta wuri, ka faɗa mata gaskiya a hankali, sannan ka zaɓi takarda ɗaya ka biya ta ringgit biyar, abin da bai kai sen hamsin ba, wato rabin ringgit. Sai ka tambaye ta me gidansu suka sayar aka ba su wannan. Nan fa za a buɗe baki: keken ɗinki, awarwaro, akuya, wata ma ƙofar ɗakinsu. Kasuwarmu ta safe ce, kafin azahar an watse, ga masu saye suna wucewa, kai kana sauraron labarin akuyar da aka cinye shekara saba'in da suka wuce. Na taɓa ce maka wannan ba ciniki ba ne, sadaka ce da ɓata lokaci. Ka ce ai ba takardar kake saye ba, kuma ni ban isa in gane hajar ba tukuna. Ban gane ba kuwa.

To, ga kwabon.

Duk wanda ya san ka ya san shi. Sen ɗaya ne na jan ƙarfe, irin mai kusurwa huɗu, da kan Sarkin Ingila, bugun 1941. Lafiyayyen irinsa ringgit uku ne ko biyar a kowace tabarma. Naka kuwa gefensa ɗaya a gutsure yake, gutsure mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, sumul, ba alamar zarto. Kai da kanka ka koya mana yadda ake gane na gaskiya: idan inji ne ya gutsura, to gefen da ke fuskantar gutsuren ba ya fitowa sosai, bakinsa kan kwanta. Naka bakinsa a kwance yake, kamar an zana shi a littafi. Kwabon shekarar yaƙi da gutsure babba haka daga gidan bugu, ba wanda ya taɓa ganin na biyunsa. Kullum yana aljihunka, kana hira kana murza shi. In an tambaye ka ko daga gidan bugu ne, sai ka ce, me idonka ya gaya maka? In an yi tayi, ka ce ba na sayarwa ba ne.

Wanda ya fi kowa naci shi ne Tauke Khor, mai masana'antar ƙanƙara a Butterworth. Mutumin kirki ne, cutarsa ɗaya, tara kuskuren gidan bugu. Kowace Lahadi sai ya tsallako ruwa ya zo ya gaida kwabon, kai kuma ya gaishe ka daga baya. Ni kuwa Allah ya yi ni da son la'ada, ban taɓa ɓoyewa ba. Ganin dukiya tana yawo a aljihun tsoho tare da makulli da ɓawon gyaɗa yana hana ni sukuni.

A 2017 sunanka ya fito, ka tafi aikin hajji da Mahani. Ana gobe za ku tashi ka miƙo mini gwangwanin taba da kwabon a ciki.

"Harami ba shi da aljihu, Pakir. Riƙe mini. Kada ka yi masa wanka."

Ban yi masa wanka ba. Abin da na yi ya fi wanka muni. Kwana arba'in lokaci ne mai tsawo ga mutum irina. Na ba wani abokina da zai je Singapore ya kai shi wurin masana, ba tare da na tambaye ka ba. Na gaya wa kaina taimakonka nake yi, tsoho ba ya sanin abin da yake riƙe da shi. Kwabon ya dawo a kulle cikin roba, da takarda mai lamba: kuskuren gidan bugu ne, tabbas, maki ashirin cikin saba'in saboda ya sha hannu. Na nuna wa Tauke Khor. Na yi masa alkawarin cewa da ka ga takardar za ka sayar, kuma na bar maganar ta zaga layi, kowa ya ji cewa Pakir ne ya shawo kan Mamu.

Kwana uku da dawowarka muka zo gidanka a Jelutong, ni da Tauke Khor. Baranda cike da takalman masu zuwa sannu da zuwa, ga dabino, ga zamzam a 'yan kofuna. Muka jira aka ragu, sannan na fito da akwatin robar da hannu biyu kamar mai miƙa lambar yabo. Ka karɓa, ka daɗe kana kallonsa. Na ga babban yatsanka yana shafa robar, yana neman wurin da ya saba bai samu ba. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta rufe mini rumfa, domin a sana'armu wanda ya taɓa ajiyar da aka ba shi ba ya sake ganin ajiya.

Sai ka dubi Tauke Khor ka ce kai ka sa ni in aika, tsufa ne, kana so ka ji abin da masu safar hannu za su ce. Amma sayarwa, a'a, ya yi haƙuri, ya ƙara dabino.

Ƙaryar da na taɓa ji a bakinka ke nan, Mamu, ita kaɗai, kwana uku da barin Makka, kuma don ka rufa mini asiri ka yi ta. Ina roƙon Allah ya rubuta ta a kaina.

Da ya tafi, ka kira Mahani ka ce ta kawo maka ɗan dutsen niƙan kakarta, wannan dogon mai kama da sanda da ake murza barkono da shi. Ka ɗora akwatin a dakali, ka ɗaga dutsen, ka sauke. Robar da na biya kuɗi mai yawa aka yi ta watse kamar ɓawon ƙwai. Ka tsinci kwabon, ka hure shi, ka manna gutsurarren gefen a jikin dutsen. Ya zauna cif, ko gashi ba zai ratsa ba.

"Ga gidan bugun, Pakir," ka ce.

Sannan ka ba ni labarin da ka yi shekara saba'in ba ka ba kowa a kasuwa ba. Kana da shekara biyar aka kwashe mahaifinka tare da wasu, aka kai su aikin hanyar jirgin ƙasa can ƙasar Siam, bai dawo ba. Wannan kwabon ne ya rage a aljihun rigar da ya bari. Shinkafa ta ɓace, rogo ya zama abincin kowa. Mahaifiyarka Sharbanu tana da ku huɗu, kuma ta lura wuƙa tana cin naman rogon tare da ɓawon. Abin da wuƙa ke zubarwa a kwana bakwai ya kai cin mutum ɗaya. Sai ta ɗauki kwabon ta yi ta goga gefensa a wannan dutsen har ya yi kaifi ya lanƙwashe daidai jikin rogo, ta riƙa kankare ɓawon da shi, siriri kamar takarda. Wuƙar kuma ta musanya ta da gishiri. Kaifin ya dakushe daga baya, a aljihunka.

Na tambaye ka, to gefen da bakinsa ya kwanta fa, wanda ya gamsar da masana?

"Babban yatsanta ne. Shekara uku da rabi. Sauran nawa ne."

Ku huɗu ne, ka ce, uku kuka ga ƙarshen yaƙin.

Daga baya na ce me ya sa ba ka taɓa faɗa wa mutanen layi ba. Ka yi wannan dariyar taka marar sauti, ka ce in ka faɗa za su ce lalacewa ne su yi maka tayin ringgit biyu, gara ka bar su suna haɗiyar yawu, ko ba komai kana samun nishaɗin Lahadi. Sannan fuskarka ta canza, ka ce yunwar uwarka ba kayan tabarma ba ce. Muddin kana raye in yi shiru. In ka tafi, ni da Allah. Ba ka zage ni ba, ko a ranar ko bayanta. Washegari ma kai ka biya kuɗin shayi, abin da ya fi zagi ciwo.

Na yi shiru shekara bakwai, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramar ibada ba ce.

Ranar addu'ar uku, bayan la'asar, Mahani ta tare ni a baranda ta miƙo mini gwangwanin tabar. "Yaya Pakir, Baba ya ce naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi," ta ce. "Dutsen dai yana wurina." Na buɗe a kan babur. Ga kwabon a ƙulle cikin ƙyalle. A ƙarƙashinsa ga takardar masana, wadda na ɗauka ka share tare da ɓaraguzan robar, ka adana ta tsakanin kwali biyu, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ka san abin da take nufi sarai. Lambar tana nan a rajistarsu. In na mayar musu da kwabon da takardar, za su sake kulle shi a sabuwar roba, ya koma abin da suka ce shi ne. Mu uku muka san gaskiya. Ɗaya ya kwanta a Jalan Perak, ɗaya Mahani ce, ma'aikaciyar jinya da ba ta taka kasuwa, na ukun kuwa ni ne.

Tauke Khor ya zo jana'izarka, ya tsaya a bakin ƙofa cikin farar riga har aka gama, idonsa ya yi ja. Bai tayar da zancen kwabon ba a ranar, mutum ne mai kunya. Sai Lahadi ta biyu ya zo rumfata ya faɗi dubu goma sha biyar, a hankali, yana kallon ƙasa.

Ba zan yi maka ƙarya a ta'aziyyarka ba, Mamu. Kwana tara na yi ina shari'a da kaina, kuma lauyana gwani ne. Ya ce ba ni na rubuta takardar ba. Ya ce mai saye zai yi farin ciki har ya mutu, ba wanda aka cuta. Ya tuna mini rufin gidana da ke yoyo, da matata da ta daɗe tana zancen umra. Ya ce ma ai da ba ka so in sayar ba, da ka ƙone takardar. A rana ta tara na kusa ba shi gaskiya. Ina hanyar gida na ga mai rogo a bakin titi, ban san abin da ya tsayar da ni ba, na sayi guda. Na zauna a bayan gida, na ɗora kwabon a jikinsa, yatsana ya faɗa wurin nan da ya kwanta kamar don shi aka yi. Na fara kankara. Ya dakushe, na sani, amma ko da hakan. Rabin sa'a na yi a kan rogo ɗaya, babban yatsana ya yi bororo, matata tana tsaye a ƙofar kicin tana tambayata ko wuƙaƙen gidan sun yi mini laifi ne. Rogo ɗaya. Ita kuwa bakin mutum biyar, kowace rana, da ciki ba komai.

Tauke Khor, na san kana karanta wannan mujallar tamu ta masu tara kuɗi tun daga bango har bango. Ka yi haƙuri. Abin da ka yi shekara ashirin kana gaisarwa ba kuskuren gidan bugu ba ne, ba kuskure ba ne ma sam. Ba na sayarwa ba ne, kuma daga yau ko da na so ba mai saye. Lahadi ka zo mu sha shayi, ni zan biya, in ba ka shi ka riƙe ba roba.

Ban taɓa zubar da dubu goma sha biyar da alƙalamina ba sai yau. Mamu, kana cikin kabari ma sai da ka sa ni cinikin da ba riba. Na fara gane hajar da kake saye a wurin tsofaffin nan masu gwangwanin biskit, a makare, kamar yadda na saba.

Allah ya jiƙan ka, ya yi maka rahama, ya yalwata makwancinka. Yadda ka rufa mini asiri a barandarka, Allah ya rufa maka naka ranar da ba wani rufi sai nasa. Ya haɗa ka da Sharbanu, da ƙaninka da bai ga ƙarshen yaƙi ba, da mahaifinka wanda ba wanda ya san inda ƙasa ta rufe shi, a inda ba yunwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mahani da ɗan'uwanta Jaafar da jikoki, da mutanen Jelutong, da duk wanda ya taɓa tsugunawa a bakin wannan tabarmar. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Ku kuma masana, takardarku tana nan, ban yaga ba, aiki ne mai tsafta. Kun duba kwabon kun ba shi ashirin cikin saba'in. Ita mai yatsan fa, nawa za ku ba ta?